Tsatsa da Injin Niƙan Dutse: Tarihin Kare Ƙarfe a Mahaƙan Zinariya na Afirka ta Kudu

Kowane manomi ya san abin da kan sami fartanyar da aka mance a gona har damina ta bi ta kanta. Kowane maƙeri kuma ya san maganin abin, watau a tsane ƙarfe, a shafa masa mai, a ajiye shi inda laima ba ta kaiwa. Wannan magani ya isa ga fartanya da wuƙa da takobi. Amma akwai wani ƙarfe wanda ba shi yiwuwa a tsane shi ko a shafa masa mai, domin aikinsa shi ne ya zauna cikin ruwa dare da rana, yana dukan dutse, dutse yana dukansa. Wannan kuwa shi ne ƙarfen injunan da a ke niƙa dutsen ma'adini da su kafin a fitar da zinariya ko jan ƙarfe daga cikinsa.

Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu bi labarin yadda aka yi ta neman kare wannan ƙarfe tun daga shekarar 1886. Za mu kafa labarin a Tudun Witwatersrand na Afirka ta Kudu, wanda a kan taƙaita sunansa a ce Rand, domin a can ne wahalar ta fito fili da girmanta. Amma tilas mu riƙa leƙawa wasu ƙasashe, gama yawancin magungunan daga nesa suka zo.

Asalin al'amarin

Cikin shekarar 1886 wani mai yawon neman ma'adini, George Harrison, ya tarar da dutse mai zinariya a gonar Langlaagte, kafin shekara ta juyo kuwa an kafa garin Johannesburg kusa da wurin. Zinariyar Rand ta bambanta da ta rafi wadda a ke wankewa a ƙwarya. Tana cikin wani dutse ne na tsakuwar ƙanƙara da ta manne da juna ta daskare, ƙwayoyinta kuma sun yi ƙanƙanta har yawancinsu ido ba ya ganinsu. Abin da a ke samu cikin tan guda na dutse ba safai ya kan wuce giram ashirin ba, sau da yawa ma bai kai goma ba. Saboda haka arzikin wurin duka ya rataya ne ga abu ɗaya, watau iya mai da tsauni ya zama gari da araha. Kowane sule da ya tafi wajen sayen ƙarfen da ya cinye, daga ribar 'yan giram ɗin nan ya fita.

Injin da aka fara aiki da shi turmi ne da taɓarya, sai dai na ƙarfe. A kan jera taɓare biyar a turmi guda, kowace tana da nauyin ɗaruruwan kilo, inji yana ɗaga su yana saki bi da bi, ruwa yana kwarara ciki. Kunun dutsen da ya fito sai ya bi ta kan farantan jan ƙarfe da aka shafe da zaiba, zaibar ta kama zinariyar. Da aiki ya bunƙasa, taɓaren nan sun kai dubbai, ƙararsu ba ta yankewa a garin dare da rana. Kan taɓarya da gindin turmi su ne ke shan dukan, an kuwa yi su yadda za a iya cirewa a sa sababbi, domin ƙanƙara ta fi ƙarfe na yau da kullum tauri.

A shekarun fari dutsen da a ke haƙowa na kusa da bisa ne, wanda ruwan sama da iska suka riga suka ci tun zamanin da, ya yi ja, ya yi taushi. In an so, a iya cewa dutse ne wanda ya riga ya yi tasa tsatsar ya gama. To, cikin 1889, da ramuka suka yi zurfin 'yan mitoci gommai, sai aka ci karo da ɗanyen dutse mai tauri, cike da wani ma'adini na baƙin ƙarfe da farar wuta wanda a ke kira fairait. Yana da ƙyalli rawaya, har Turawa suna yi masa laƙabi da zinariyar wawa. Zaiba ta kasa kama yawancin zinariyar da ke cikin wannan dutse. Hannun jari ya faɗi, mutane da yawa suka tattara kayansu suka bar garin, suna zaton kwanan Johannesburg ya ƙare.

Guba da farar ƙasa

Abin da ya ceci garin daga birnin Gilasgo na Sikotland ya fito. A can ne cikin 1887 wani masanin haɗa magunguna, John Stewart MacArthur, tare da wasu likitoci biyu 'yan'uwan juna, Robert da William Forrest, suka yi rajistar hanyar narkar da zinariya da ruwan gubar sayanayid. An fara aiki da ita a Niyu Ziland cikin 1889, ta iso Rand cikin 1890. Wannan hanya tana da sharaɗi biyu, dukansu kuwa sun shafi labarinmu. Na fari, sai an niƙa dutsen ya yi laushi ƙwarai yadda ruwan gubar zai kai ga kowace ƙwaya. Na biyu, kada ruwan ya yi tsami ko kaɗan.

Dalilin sharaɗi na biyu shi ne, in tsami ya haɗu da sayanayid sai gubar ta lalace, ta tashi ta zama iska mai kisa nan take. Ga shi kuwa fairait, da zarar an farfasa shi ya sami ruwa da iska, sai ya fara haifar da asid na farar wuta, irin wanda mu ke kira ruwan batir, ko da yake da sauƙin ƙarfi. Kowace mai girki ta san kanwa ke kashe tsami. Kanwar masu haƙar zinariya ita ce farar ƙasa, irin wadda a ke toyawa daga dutse. Suka shiga zuba ta cikin kunun dutse, har ya zama ka'ida a riƙe ruwan a wajen lamba 10 zuwa 11 bisa ma'aunin tsami, inda lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne, abin da ya haura kuwa halin kanwa ne. Buƙatar farar ƙasa ta yi yawa har masu neman ta suka shiga fasa kogunan dutse irin na Sterkfontein, inda daga bisani, cikin 1936, Robert Broom ya fara samun ƙasusuwan halittun da suka sa wurin ya yi suna a duniya.

An kawo farar ƙasa ne domin a tsare gubar, a kuma tsare rayukan ma'aikata. Amma sai ta zama ita ce maganin tsatsa na farko, har yau kuwa babu wanda ya fi ta araha. Kafin mu ga dalilin haka, sai mun ɗan tsaya mun duba mene ne tsatsa.

Yadda tsatsa ke aiki

Baƙin ƙarfe ba a samunsa tsantsa a ƙasa. Tama a ke samu, watau ƙarfe haɗe da iskar oksijin, sai an sa wuta da gawayi kafin a raba su. Tsatsa komawar ƙarfe ce ga asalinsa. Sai dai masana sun daɗe kafin su gane cewa wannan komawa aikin lantarki ne. Cikin 1800 Alessandro Volta na Italiya ya nuna cewa in aka haɗa ƙarfe iri biyu da ruwan gishiri a tsakaninsu, lantarki ya kan gudana, ɗayan ƙarfen kuma ya kan cinye. Wannan shi ne asalin batir. Cikin 1903 Willis Whitney na Amurka ya bayyana cewa tsatsar baƙin ƙarfe cikin ruwa ma haka ta ke, Ulick Evans na Jami'ar Kambirij kuma ya tabbatar da abin da gwaje-gwaje masu yawa tun daga shekarun 1920. A fuskar ƙarfe ɗaya, wani wuri yana narkewa yana ba da lantarki, wani wuri yana karɓa yana miƙa wa iskar oksijin da ke cikin ruwa.

Abubuwa uku ke ƙara wa wannan aiki sauri: tsami, da gishiri, da maƙwabtaka da wani abu wanda ya fi ƙarfen ƙin narkewa. Fairait kuwa irin wannan maƙwabci ne, domin lantarki yana ratsa shi kamar yadda ya ke ratsa ƙarfe. Duk sa'ad da ƙwayar fairait ta taɓa ƙarfe cikin ruwa, an haɗa ɗan ƙaramin batir ke nan, ƙarfen ne kuma ke biyan kuɗin. In ruwa yana da halin kanwa, wata fata siririya wadda ido ba ya gani ta kan rufe fuskar ƙarfen ta tsai da narkewar. Wannan shi ne amfanin farar ƙasa.

To, a nan ne wahalar injin niƙa ta ke. Ƙarfen gada ko na rufin ɗaki in ya yi wannan fata, sai ta zauna ta kare shi. Cikin injin niƙa kuwa, kowane duka da kowace guga su kan kankare fatar, su bar ɗanyen ƙarfe a fili, shi kuma ya sake tsatsa nan da nan, a sake kankarewa. Kamar miki ne wanda a ke famawa kullum, ba a bari ya kame. Guga tana buɗe wa tsatsa hanya, tsatsa tana tausasa wa guga abin da za ta ci, ɓarnar su biyun tare kuwa ta kan fi jimlar abin da kowace za ta yi ita kaɗai.

Shi ya sa magungunan da suka yi amfani a wasu wurare suka kasa a nan. Cikin 1824 Humphry Davy ya kare farantan jan ƙarfe na jiragen ruwan yaƙin Ingila ta hanyar maƙala musu guntayen tutiya ko baƙin ƙarfe, su cinye a madadinsu. Cikin 1837 Stanislas Sorel na Faransa ya yi rajistar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, asalin kwanon rufin da mu ke amfani da shi ke nan. Dabarar Davy tana kare bututu da tankuna a mahaƙai har gobe, fenti kuma yana kare bayan inji. Amma cikin inji, fenti da tutiya ba su daɗewa dutse zai share su. An gwada kare cikin injin niƙa da lantarki, an kuwa ga raguwar ɓarna a wajen gwaji, sai dai abin bai zama ruwan dare a masana'antu ba.

Mai karatu ya iya tambaya, me ya hana a niƙa dutsen a bushe, kamar yadda a ke niƙa siminti? Dalili na fari, aikin da ke biye da niƙan cikin ruwa a ke yinsa, niƙan jiƙe kuma ya fi sauƙin cin wuta. Dalili na biyu ƙura. Ƙurar ƙanƙara ita ce ta ɓata huhun dubban ma'aikatan ramukan Rand, baƙi da farare. Mu ma a nan mun ga irin wannan cikin 2010 a Zamfara, inda niƙa dutsen zinariya a bushe cikin ƙauyuka ya watsa ƙurar darma, ta kashe yara fiye da 400. Ruwan da ke cin ƙarfe shi ne ke tsare numfashin mutum, saboda haka ba a iya rabuwa da shi.

Dutse ya niƙa ɗan'uwansa

Taɓarya ba ta iya kai dutse ga laushin da sayanayid ke so ba tare da ɓata lokaci ba. Cikin 1904 aka fara kafa wani sabon inji a Rand, wanda aka aro daga masu yin siminti, aka kuma riga aka gwada a mahaƙan zinariya na Kalgoorlie a Ostireliya. Doguwar ganga ce ta ƙarfe a kwance, tana juyawa, cikinta an zuba tsakuwa manya. Ganga tana ɗaga tsakuwar tana zubowa a kan kunun dutse, har ya yi laushi. Da fari tsakuwar dutsen ƙyastu ce wadda a ke ɗaukowa a jirgin ruwa tun daga gaɓar tekun Denmak, cikin gangar kuma a kan jera tubalan dutse mai tauri domin kada jikinta ya cinye.

Kawo tsakuwa daga Turai zuwa tsakiyar Afirka ta Kudu abu ne mai tsada. Cikin 1907 aka yi gwaji a mahaƙar Geldenhuis Deep, aka kwatanta tsakuwar Denmak da manyan guntayen dutsen zinariyar kansa, aka ga na gida ya isa. Hikimar abin a fili ta ke: dutsen da a ke niƙa da shi ba ya tsatsa, ba a sayensa, in ya cinye kuma zinariyar da ke cikinsa ta shiga lissafi. Wannan hanya ta zama alamar masana'antun Rand shekaru da yawa, ita ce kuma kakar manyan injunan zamanin nan waɗanda dutse ke niƙa kansa a cikinsu.

Amma ƙarfe bai fita daga labarin ba. Nauyinsa ya kusa ninka na ƙanƙara sau uku, saboda haka ganga mai ƙwallayen ƙarfe ta fi mai tsakuwa yawan aiki nesa ba kusa ba. A mahaƙan jan ƙarfe na Amurka da sauran ƙasashe ƙwallon ƙarfe ne ya yi rinjaye, a Afirka ta Kudu ma ya sami shiga, tubalan dutse na cikin ganga kuma farantan ƙarfe suka maye gurbinsu, waɗanda za mu kira sulken ganga. Abin da aka saba gani shi ne, niƙa tan guda na dutse mai tauri ya kan cinye ƙarfe daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya, wani lokaci fiye. Masana'antar da ke niƙa tan 100,000 a wata, ke nan tana narkar da tan 50 zuwa 100 na ƙwallaye cikin kununta kowane wata. Ban da wannan, duk sa'ad da sulke ya cinye sai an tsai da inji, mutane su shiga cikin gangar da zafi da santsi su ciro faranti masu nauyin gaske su ɗaura sababbi, aiki ne mai hatsari, ranar kuma babu zinariya.

Neman ƙarfen da ya dace

Tun da ba a iya shafa wa ƙarfe kariya daga waje, sai aka nemi a sa kariyar cikin jikinsa. Cikin 1882 Robert Hadfield na birnin Shefild a Ingila ya gano cewa in aka gauraya ƙarfe da manganis kimanin kashi 12 cikin 100, a kan sami ƙarfe mai wani hali na ban mamaki: gwargwadon dukan da ya sha, gwargwadon taurin fuskarsa, cikinsa kuwa ba ya tsagewa. Ya zama ƙarfen muƙamuƙin injunan fasa dutse da na sulken ganga. Sai dai maganin duka ne, tsatsa tana cinsa kamar kowane ƙarfe.

A Shefild ɗin nan dai, cikin 1913, Harry Brearley ya zuba ƙarfe mai kuromiyam kusan kashi 13 cikin 100, ya ga ba ya tsatsa. Dalili shi ne kuromiyam ya kan yi tasa fatar, mai ƙarfi, wadda in an kankare ta sai ta sake rufewa nan take. Amma ƙarfen cokali da wuƙar tebur bai yi taurin da zai ja da ƙanƙara ba. Wajen ƙarshen shekarun 1920 aka fito da wani ƙarfen zubi mai nikel da kuromiyam kaɗan, mai suna Ni-Hard, wanda ya yi tauri ƙwarai, ya daɗe yana aiki cikin famfuna da sulke. Matakin da ya haɗa amfanin biyu shi ne ƙarfen zubi mai kuromiyam da yawa, daga kashi 12 har zuwa 30 cikin 100. Wani sashe na kuromiyam ɗin yana haɗuwa da sinadarin gawayi ya zama ƙwayoyi masu taurin gaske, saura kuma ya zauna cikin ƙarfen yana taimakon fatar kariya. Kamfanin Magotteaux na Beljiyam ya yi suna wajen zuba ƙwallaye irin waɗannan, da fari domin masu siminti, daga baya masu ma'adinai suka karɓa. Afirka ta Kudu kuwa ta dace, domin mafi yawan ma'adinin kuromiyam na duniya a ƙasarta ya ke, a yankin Bushveld da ke arewa da Rand.

Wannan ƙarfe ma yana da iyakarsa. Ya fi tsada, yana kuma iya fashewa in ganga ta yi girma ƙwallo yana faɗowa daga nisa. Gishiri mai yawa kuma ya kan huda fatar kuromiyam ya yi ƙananan ramuka masu zurfi. Wannan ya dami masu aiki a Kalgoorlie, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi na teku gishiri ninki-ninki, da wasu mahaƙan jan ƙarfe na hamadar arewacin Chile waɗanda ke jawo ruwan teku su yi aiki da shi.

Roba

Magani na uku shi ne a raba ƙarfe da ruwan gaba ɗaya. A nan sai mu leƙa Maleya, ƙasar da ta haɗa gonakin roba da haƙar kuza. Aikin kuzar can irin wanda mutanenmu suka sani ne a Jos, watau wanke ƙasa da ruwa da jan tsakuwa da famfo, tsakuwar kuwa tana cinye famfo da bututu. Cikin shekarun 1920 Bernard Wilkinson ya sarrafa wata roba ja mai suna Linatex domin shafe cikin waɗannan kaya. Roba ba ta tsatsa, in tsakuwa ta buge ta kuma sai ta lotsa ta komo, maimakon ta kankaru.

A Rand darajar roba ta ƙara bayyana cikin 1952, sa'ad da aka buɗe masana'antar farko ta fitar da yuraniyam daga dutsen zinariya a mahaƙar West Rand Consolidated kusa da Krugersdorp. Yuraniyam da ruwan batir a ke narkar da shi, saboda haka ba dama a kashe tsamin da farar ƙasa, tilas aka shafe tankuna da bututu da roba, aka yi wasu sassa da ƙarfen da ba ya tsatsa. Cikin shekarun 1960 kamfanin Skega na Suwidin ya yaɗa sulken ganga na roba. Ya fi na ƙarfe rashin nauyi, ya rage ƙara, ya sauƙaƙa wa masu canja shi. Inda duka ya yi tsanani kuwa, tun shekarun 1980 a kan haɗa biyun, a dasa ƙarfe cikin roba. Ko inda sulken na ƙarfe ne, a kan shimfiɗa roba a bayansa a toshe ramukan kusoshi, domin in kunu ya sami hanya ya kutsa tsakanin sulke da jikin ganga, gangar kanta zai ci, ita kuwa ba abin canjawa ba ce kowace shekara.

Gardamar masana

Duk wannan lokaci akwai tambayar da ba a warware ba: cikin ƙarfen da ke ɓacewa, nawa ne rabon tsatsa, nawa ne na guga? Tambayar tana da nauyi, domin amsarta ce za ta nuna ko a kashe kuɗi wajen gyara ruwa ko wajen taurara ƙarfe. Fred Bond na Amurka, wanda ƙa'idarsa ta auna wutar niƙa ta fito cikin 1952, ya tara lissafin masana'antu ya nuna cewa niƙan jiƙe ya fi na bushe cin ƙarfe ninki da yawa, mutane da dama kuwa suka ɗora laifin a kan tsatsa. Cikin shekarun 1970 masu bincike a Kanada suka zuba magungunan hana tsatsa cikin ƙananan injunan gwaji masu niƙa dutse mai farar wuta, suka ga cinyewar ƙwallaye ta ragu ƙwarai. Cikin shekarun 1980 Iwao Iwasaki da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota suka riƙa niƙa dutse iri ɗaya, wani lokaci su cika injin da iskar oksijin, wani lokaci su kore ta, domin su ware rabon tsatsa. Wasu kuma suka bi hanyar sa wa ƙwallaye alama, a auna nauyinsu, a jefa su cikin babban inji, bayan kwanaki a tsamo a sake aunawa.

Abin da aka tsaya a kai shi ne kowane ɓangare yana da gaskiya a wurinsa. Cikin babbar ganga mai manyan ƙwallaye, tana niƙa dutse marar farar wuta da ruwa mai daɗi, guga da duka su ne manyan masu ɓarna, rabon tsatsa kaɗan ne. Cikin niƙa mai laushi da ƙananan ƙwallaye, inda fuskar ƙarfen da ruwa ke taɓawa ta yi yawa, ga fairait, ga tsami ko gishiri, rabon tsatsa ya kan yi girma. Magungunan hana tsatsa kuwa ba su sami karɓuwa sosai ba, domin kunu yana wucewa da su kullum sai an yi ta ƙarawa, wasunsu guba ne ga mutum da rafi, wasu kuma suna ɓata aikin da ke gaba.

Wannan magana ta ƙarshe ta buɗe wata ƙofa. Yawancin jan ƙarfe da darma da tutiya da filatinam da hanyar kumfa a ke ware su, wadda ta bunƙasa a Broken Hill na Ostireliya a farkon ƙarni na 20: a kan hura iska cikin kunu, ƙwayoyin ma'adini su manne wa kumfa su taso. Aka gano cewa tsatsar da ke fita daga ƙwallaye ta kan lulluɓe ƙwayoyin nan ta hana su mannewa, ta kuma shanye iskar oksijin da aikin ke bukata. A wajen zinariya ma, narkakken ƙarfe yana cin sayanayid. Hasarar ta zama biyu ke nan, ga ƙarfe ya tafi, ga ma'adini ya bi shara. Saboda haka masana'antu da yawa suka koma ga ƙwallaye masu kuromiyam ko da sun fi tsada. Cikin 1994 a Mount Isa na Ostireliya aka fara aiki da wani injin niƙa mai laushin gaske wanda babu ƙwallon ƙarfe cikinsa, sai yashi ko kashin maƙera, daga baya kuma ƙwayoyin tangaram. In mai karatu ya lura, wannan komawa ce ga dabarar Geldenhuis Deep ta 1907 cikin sabuwar riga.

Abin da labarin ya nuna

Cikin wannan dogon lokaci ba a sami ƙarfe guda ko magani guda wanda ya kashe maganar ba. Abin da aka samu hanyoyi uku ne: a gyara ruwan da farar ƙasa, a gyara ƙarfen da manganis ko kuromiyam, ko a kau da ƙarfen a sa dutse ko roba ko tangaram. Zaɓi tsakaninsu kuwa ya dogara ga irin dutsen da irin ruwan kowane wuri. Wanda ya sayi inji kafin ya auna tsamin ruwansa da gishirinsa da yawan farar wutar dutsensa, ya yi gini ba tushe. Wannan ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, gama dutsen zinariyar Obuasi a Gana mai farar wuta ne, yuraniyam na Arlit a Nijar kuma tun 1971 da ruwan batir aka narkar da shi.

A Rand kuwa, yawancin tsofaffin mahaƙan da ke kewaye da Johannesburg an rufe su, taɓaren sun yi shiru tun da daɗewa, amma fairait bai daina aikinsa ba. Da aka tsai da famfunan da ke kwashe ruwa, ramuka suka cika, cikin 2002 ruwa mai tsami, ja saboda narkakken ƙarfe, ya ɓullo bisa ƙasa a yammacin Rand kusa da Krugersdorp ya shiga rafuka. Hukuma ta kafa wuraren tace shi, abin da a ke kashe tsaminsa da shi kuwa ita ce farar ƙasar nan da aka fara zuba wa kunun dutse cikin shekarun 1890.